Zubin fentin akirilik: me ke sa ya yi laka, ya tsage, ko ya ɓare daga gilashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na fara koyon zubin fentin akirilik, irin zanen nan da ake tsiyaya fenti mai ruwa-ruwa a karkata allon ya gudu da kansa ba tare da buroshi ba. A kan kanbas launukan sun cakuɗe sun koma kamar laka, da ya bushe kuma ya tsattsage. Na gwada a kan gilashi da wata kwalbar fure, bayan kwana biyu fentin ya ɓare kamar leda. Da ruwa kawai nake tsinka fentin. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Rabin amsar yana cikin maganarki ta ƙarshe, wato tsinka fenti da ruwa zalla. Sauran rabin yana ga yadda kike shanya aikin, da kuma halin gilashi, wanda bai yi kama da na kanbas ba ko kaɗan.

Fentin akirilik abu uku ne a haɗe: garin launi, ruwa, da wasu ƙananan ƙwayoyin roba da ke yawo cikin ruwan. Idan ruwan ya tashi, ƙwayoyin robar sai su matso su manne da juna, su zama fata guda mai riƙe da garin launin. Wannan fatar ita ce zanen. In kin labta ruwa, kin nisanta ƙwayoyin da juna, fatar da za su yi ta zama mai rauni: ta yi gari-gari, ta dare, ta kasa kama abin da aka zuba ta a kai. Ka'idar da masu aikin suke bi ita ce kada ruwa ya wuce kashi 30 cikin 100 na fentin, kuma a fenti mai araha, wanda dama robarsa kaɗan ce, ko wannan ma ya yi yawa. Abin da ake so shi ne fentin ya yi gudu ba tare da ƙarfin ɗaurinsa ya ragu ba, shi ya sa ake tsinka shi da wani ruwan da shi ma yana ɗauke da abin ɗauri. Shi zan riƙa kira mahaɗi.

Mahaɗi iri uku ne a hannun mutane. Akwai wanda aka yi musamman don wannan aikin, kamar Liquitex Pouring Medium da Golden GAC 800. Shi ne mafi inganci, yana bushewa da sheƙi, kuma GAC 800 an tsara shi ne don rage tsagewa. Masu yin GAC 800 suna ba da shawarar kashi 10 nasa a kashi 1 na fenti. Tsada ce matsalarsa. Na biyu Floetrol, wanda asalinsa na masu fentin gida ne, suna zuba shi don kada sawun buroshi ya fito a bango. Ana haɗa kashi 2 nasa da kashi 1 na fenti, a ɗan ɗiga ruwa. Yana jinkirta bushewa, yana taimakon fitowar idanu, wato da'irorin nan masu kama da saƙar zuma da ke ɓullowa a cikin zanen, amma shi kansa ba gam ba ne mai ƙarfi, kuma yakan yi gudaji a cikin galan, sai an tace shi da tsohuwar safa ta nailon. Na uku, wanda kowa zai samu a kasuwa, farin gam ne na kafintoci. A dama kashi 7 na gam da kashi 3 na ruwa har su zama abu ɗaya, sannan a haɗa wannan da fenti daidai wa daida. Don koyo ya wadatar ƙwarai, kuma da shi nake ba mai farawa shawara ya soma, domin kanbas goma na farko na koyon hannu ne. Sai dai ki sani gam yana yin rawaya da daɗewa, yana kuma laushi in ya sha danshi. Aikin da za ki sayar ko ki ba da kyauta, ki yi masa mahaɗi na gaske.

Kafin mu wuce, ki duba fentin da kansa. Fentin mai, mai sheƙi, na ƙofa da taga, ba ya haɗuwa da ruwa, ba shi da wuri a nan. Fentin 'yan makaranta da ke narkewa in an jiƙa shi bayan ya bushe, shi ma ba akirilik ba ne. Imolshan na bango yana shiga, wasu suna amfani da farinsa a matsayin shimfiɗa, wato fentin da ake fara shafa wa kanbas kafin zubi, saboda araha, amma alli ya yi masa yawa, kuma yana cikin abubuwan da suka fi jawo tsagewa in ba a ƙara masa mahaɗi sosai ba.

Yanzu kauri, wanda shi ne zuciyar aikin. Kowane launi a kofinsa daban. A fara zuba fenti da mahaɗi a dama su sosai, sai daga baya a riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan, ƙaramin cokali ɗaya a lokaci guda. In kin fara da ruwa fentin zai yi gudaji. Gwajin shi ne ki tsoma tsinken damawa ki ɗaga shi kamar tsawon yatsa sama da kofin. Ya kamata fentin ya zubo a zare guda marar yankewa, kamar zumar da ta sha rana, ya yi ɗan tudu a saman na cikin kofin, tudun ya nutse cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. In yana ɗiga ɗis-ɗis ko ya nutse nan take ba tudu, ya yi ruwa. In tudun ya tsaya kina ƙirga huɗu, biyar, ya yi kauri. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne duk kofunan su zo daidai da juna. Launi ɗaya mai ruwa a tsakanin masu kauri zai tsere ya bar su, ya kutsa cikinsu, kuma wajen bushewa zai riga su, daga nan tsaga take farawa. Kada ki dogara da awo ɗaya ga dukkan launuka, domin fari yakan fi shuɗi kauri tun daga bututu, ko da kamfani ɗaya ne ya yi su. Ƙaramin sikelin kicin mai awon giram da littafin da kike rubuta abin da kika zuba za su rage miki asara fiye da kowane kayan aiki. Bayan damawa ki rufe kofunan ki bar su su huta aƙalla rabin awa, kumfar da ta shiga ta fito. Masu haƙuri suna dama nasu tun daren jiya.

Nawa za a dama? Mililita 1 na damammen fenti yana rufe kusan murabba'in santimita 5 da rabi. Ki auna fuskar kanbas, ki ƙara gefunansa. Mai santimita 20 da 25, kaurin gefe 2, fuskarsa 500 ce, gefuna 180, jimla 680, wato wajen mililita 125. Mai 30 da 40 zai ci kusan 270. In fentin ya gaza, za ki yi ta karkata allon kina jan sa har zanen ya miƙe ya lalace. In ya yi yawa kika bar shi a kai, ya yi kaurin da ba zai bushe lafiya ba.

Batun laka yana da tushe uku. Na farko zaɓin launi. Ja da kore, shuɗi da ruwan lemo, rawaya da shunayya, kowane biyun nan in suka gauraya ruwan ƙasa ko ruwan toka suke bayarwa. Ba haramun ba ne a haɗa su a zane ɗaya, amma a sa fari a tsakaninsu cikin kofi. Mai farawa ya tsaya a launi uku da fari: misali shuɗi mai duhu, bula, ruwan zinare. Waɗannan ko sun gauraya ba za su yi muni ba. Na biyu yawan ruwa, wanda muka gama maganarsa. Fenti mai ruwa-ruwa ba ya iya tsare iyakarsa. Na uku hannu. Wajen tara launuka a kofi ɗaya, a jingina kofin a zuba kowane launi a hankali ta jikin bangonsa, ya kwanta a kan na ƙasa. In kin tsiyayo daga sama, ya nutsa ya dama sauran. Kada a juya da tsinke bayan an tara. Haka kuma wajen karkatawa: kowace kai-da-komo tana ƙara cakuɗa su. Ki kai fentin kusurwa ɗaya, ki dawo da shi tsakiya, ki nufi kusurwa ta gaba, kusurwa huɗu ki ajiye. Yawancin zanen da suka yi laka sun yi kyau a minti na biyu, mai su ne ya ƙi cire hannu.

Hanyar da ta fi sauƙin farawa ita ce kifa kofi. A ɗora kanbas a bakin kofin da aka tara wa launuka, a juya su tare, a bar kofin a kife minti ɗaya ko biyu fentin ya sauko, sannan a ɗaga. Akwai zubin zobe, inda ake tsiyayowa a tsakiya ana ɗan kewaya hannu, ya fito kamar zoben cikin kututturen itace. Wannan yana son fenti mai ɗan kauri kuma ba a sa masa man silikon, wanda zan yi bayaninsa a gaba. Akwai hanyar jawowa, inda ake jera launuka, a zuba fari ko baƙi a gefe ɗaya, a ja shi a kansu da jiƙaƙƙen tishu ko leda. Akwai kuma hurawa da na'urar busar da gashi, wadda take son fenti mafi ruwa. Kowace kika ɗauka, ki fara shafa siririn fenti mai launin shimfiɗa a kan kanbas ɗin, musamman kusurwoyi da gefuna. Fenti yana gudu a kan jiƙaƙƙen wuri, a busasshe kuwa gabansa yana birgima ya naɗe zanen a ƙarƙashinsa.

Waɗannan da'irori masu kama da saƙar zuma da kowa yake nema, waɗanda nake kira idanu, suna da dalilinsu. Garin launi ba nauyinsa ɗaya ba. Farin titaniyam ya ninka ruwa nauyi kusan sau 4, shuɗin fitalo kuwa wajen sau 1 da rabi, baƙin kabon bai kai sau 2 ba. In launi mai nauyi ya hau kan marar nauyi, sai ya nutse, na ƙasan ya ɓullo ta tsakiyarsa a dunƙule-dunƙule. Masana kimiyyar ruwa suna kiran wannan da sunan Rayleigh da Taylor. Mai zanen bango ɗan ƙasar Mekziko, David Alfaro Siqueiros, ya yi aiki da wannan hali tun 1936 a ɗakin gwajin da ya buɗe a Niyok, yana zuba launi a kan launi da fentin mota, kuma Jackson Pollock, shahararren mai zanen nan ɗan Amurka, yana cikin matasan da suka zauna a wurin. Amfanin sanin wannan gare ki shi ne: in kina son idanu ba tare da ƙarin komai ba, ki tabbata fari ya ƙare a sama. A kifa kofi, abin da kika fara zubawa a gindin kofi shi zai koma sama, don haka fari ne farko.

Hanya ta biyu ta samun idanu ita ce man silikon. A kula sosai a nan: ba silikon ɗin bututu na masu aikin alminiyam da gilashi ba, wancan gam ne. Ana nufin mai tsararo, marar launi, irin wanda ake sa wa injin motsa jiki na gudu, ko man gashi mai sinadarin dimetikon. Ɗigo 1 ko 2 a kowane mililita 30 ya isa, a launi biyu ko uku kawai, ban da launin shimfiɗa. In kin juya shi sau biyu ko uku za ki sami manyan idanu, in kin dama sosai su fito ƙanana. Mai ba ya haɗuwa da ruwa, yana tasowa sama yana ture fentin gefe, launin ƙasa ya bayyana. In ya yi yawa sai ya huda har ƙasa, ki ga ramuka da farin kanbas a cikinsu. Bayan zubawa ana wucewa da harshen wuta daga ƙaramin gas ɗin hannu irin na maƙeran zinariya, nesa da fentin kamar santimita 10 zuwa 15, hannu yana tafiya ba tsayawa. Zafin yana fasa kumfa, yana kuma taso da man. In kin tsaya wuri ɗaya daƙiƙa biyu, fatar sama ta ƙone ta yamutse. Ki kawar da kwalbar sifirit da tishu daga teburin kafin ki kunna wuta, ki ɗaure mayafi ko hijabi baya, taga kuma a buɗe. Launukan da aka rubuta kadmiyam a jikinsu, gara a bar su a wannan aikin gaba ɗaya, tunda ana ɗora musu zafi, kuma hannu yana shiga cikinsu.

To, tsagewa. Fentin zubi ya ninka na buroshi kauri sau da yawa, kuma daga sama yake fara bushewa. In saman ya yi fata alhali ƙasan yana nan da ruwa, fatar tana ƙanƙancewa, na ƙasa yana motsi, sai ta dare kamar ƙasar fadama bayan janyewar ruwa. Duk abin da ke gaggauta bushewar sama abokin gaba ne: fanka, rana, iskar taga, na'urar sanyaya ɗaki. A ƙasashenmu lokacin hunturu ya fi kowane lokaci wahala, ga bushewar iska ga ƙura, sai kuma zafin bazara. Fentin ya fi son wajen digiri 18 zuwa 24, abin da ba kullum ake samu ba, amma akwai dabara. Ki yi zubin da sassafe ko da dare, a ɗakin da ya fi sanyi. Ki kashe fanka. Da kin gama ki kifa babban kwali a kan aikin, wanda ba zai taɓa shi ba, ki ajiye ɗan kofin ruwa a ciki in iska ta bushe sosai. Kwalin yana tsare ƙura da ƙuda, yana kuma riƙe danshi, sama da ƙasa su bushe tare. Ki ɗaga gefe ɗaya kaɗan bayan awa 24. Da damina matsalar takan juya: aikin ya yi kwana huɗu yana danƙo, wanda aka yi da gam ma har fumfuna yake iya yi, don haka a lokacin ki huda kwalin iska ta riƙa shiga. Kuma ki karkatar da rarar fentin ya zube tun farko. Abin da ya rage a kan kanbas kada ya wuce kaurin milimita 1 zuwa 2.

Shirin kanbas ɗin ma yana da hannu a ciki. In ya saki, nauyin fenti zai lotsa tsakiyarsa, fenti ya taru a nan ya yi tafki, tafkin kuma ya tsage. Ki fesa ruwa a bayansa ki bar shi ya bushe, zai ɗaure har ki ji yana amsawa kamar ganga in kin ƙwanƙwasa. Wanda ya wuce santimita 40 a sa masa kwali mai tauri a baya. Ki liƙe bayan katakon da aka ɗaure kanbas ɗin a kai da tef ɗin takarda, ki ɗora shi a kan kofuna huɗu masu tsayi ɗaya, ki gwada da ma'aunin magina mai kumfa a tsakiya, ta tsawo da ta faɗi. Teburin da ya karkata ko da kaɗan ne zai kwashe zanen cikin dare, ki wayi gari rabinsa yana ƙasa. A awa ta farko ki riƙa bin ƙasan gefuna da tsinke kina share ɗigon da ke rataye, domin kowane ɗigo yana jan fentin da ke sama.

Gilashi kuwa wata duniya ce. Kanbas yana da saƙa da ƙofofi, fentin yana shiga ya riƙe. Gilashi sumul yake, ba ya shan komai, fentin kwanciya kawai yake yi a kansa. Shi ya sa masu zane suke dama akirilik a kan faifan gilashi, saboda in ya bushe ɓare shi ake yi. Ƙari a kan haka, gilashi yana son ruwa: danshi yana samun hanya ta bakin fentin ya ratsa tsakaninsa da gilashin ya ɗaga shi. Fentinki da aka raunana da ruwa ba shi da abin da zai kama da shi, ga kuma maiƙon yatsu da wataƙila yake kan kwalbar. Sannan ruwan fentin ta fuska ɗaya kawai yake fita, don haka a kwana biyu bai ma gama ƙarfi ba.

A ganina hanyar da ta fi dacewa da gilashi mai faɗi ita ce a zuba a bayansa, a kalli zanen ta gaba. Gilashin da kansa ya zama murfin zanen, sheƙinsa ya fi na kowane banish, wato ruwan nan marar launi da ake shafa wa zane don kariya da sheƙi, hannu ba ya kai wa ga fentin, in an sa shi a firam kuma ba abin da zai ɓare shi. Ki sa mai yankan gilashi ya yanko miki mai kaurin milimita 3 ya goge bakinsa. A wanke da sabulun wanke-wanke, a ɗauraye, a bushe, a goge da sifirit, daga nan kada a sake taɓa fuskar sai da safar hannu. A liƙe fuskar gaba da takarda da tef. Amma tunanin aikin yana juyewa. Abin da ya fara taɓa gilashi shi za a gani, kuma launi mai nauyi yana nutsewa ya je ya kwanta a jikin gilashin, wato daidai fuskar da za a kalla. In kin sa fari da yawa kamar yadda kika saba a kanbas, ki juya gilashin ki tarar da hazo fari ya rufe komai. Don haka a rage fari ƙwarai, a yi amfani da launuka masu barin haske ya wuce, irin su shuɗin fitalo da jan kwinakiridon, a zuba siriri. Kada a sa silikon ko ɗigo, domin a gilashi ramin da zai yi fanko ne. Idanun da kike gani a sama ma ba su ne za su fito ta gaba ba, don haka ki ɗora gilashin a kan kofuna masu tsayi, ki ajiye madubi a ƙasa ki riƙa kallon ainihin fuskar kina karkatawa. Bayan mako ɗaya ki shafa fari, baƙi ko ruwan zinare a bayan da buroshi mai laushi. Wannan shafin yana cike wuraren da suka yi siriri, kuma launinsa yana sauya zanen gaba ɗaya: fari yana haska shi, baƙi yana zurfafa shi.

Kwalbar fure ba ta da baya, dole a zuba a waje, don haka sai an yi wa fentin wurin kamawa. Bayan wanki da sifirit, a goge jikinta da samfefa mai lamba 220 a jiƙe, har sheƙin ya dushe; a jiƙe, domin ƙurar gilashi ba abin shaƙa ba ce. A sake gogewa da sifirit, a shafa siririn fenti na share fage wanda aka rubuta yana kama gilashi ko tayil, a bar shi awa 24. Wannan yana kashe hasken da ke ratsa kwalbar, amma shi ne bambancin aikin da zai shekara da wanda zai ɓare a mako. Sannan a kifa kwalbar a kan gwangwani ko wata kwalbar da ta fi ta tsawo, bakinta yana rataye bai taɓa komai ba, a ajiye kanbas a ƙasa ya tari abin da ke zubowa, ki sami zane na biyu a kyauta. Fentin ya fi na kanbas kauri, tudunsa ya kai daƙiƙa uku, in ba haka ba zai gangare ya bar kafaɗun kwalbar tsirara. A nan gam ɗin kafinta bai dace ba, a yi amfani da mahaɗi na gaske. A tsiyaya a tsakiyar gindin a hankali ana kewayawa, a riƙa share ɗigon baki duk bayan minti 10 har ya daina zuba.

Akwai fentin da aka yi don gilashi wanda ake gasawa, kamar Pebeo Vitrea 160, da ake bari ya bushe awa 24 sannan a gasa minti 40 a digiri 160, a sa shi tun tanda tana sanyi, a bar shi ya huce a ciki. Yana kama gilashi fiye da akirilik na kanbas nesa ba kusa ba. Amma in kin tsinka shi da gam ko Floetrol kin ɓata wannan ƙarfin, sai da mahaɗin da kamfanin ya yi masa. Akirilik na yau da kullum kuwa kada a sa shi a tanda. Kuma ko wanne ne, kada fenti ya shiga inda abinci ko leɓe zai taɓa. In kofin sha ne, a liƙe santimita 2 daga baki da tef, a cire tef ɗin tun fentin bai gama bushewa ba, ko a bi bakinsa da reza kafin a ja, don kada ya taho da fatar.

Saura rufewa. Aikin yana bushewa a taɓa shi cikin kwana 1 zuwa 3, amma ƙarfinsa ba ya cika sai mako 3 zuwa 4. In kin shafa banish kafin nan kin kulle danshi a ciki, ya yi hazo ko ya tsage. In an sa silikon, sai an cire shi tukuna, in ba haka ba banish zai riƙa gudu daga wuraren man yana barin ramuka: a barbaɗa garin sitaci ko hodar jarirai, a bar shi ya kwana, a kakkaɓe, a goge da tsumma mai ɗan ruwan sabulu, a sake gogewa da ruwa zalla, a bar shi ya bushe sarai. Banish ya zama mai tushen ruwa, shafi 2 ko 3 sirara, awanni tsakaninsu. Na katako mai tushen mai yana mayar da fari rawaya. A kan kwalba, banish ɗin ya zarce bakin fentin kaɗan ya hau gilashi, ya toshe hanyar da danshi yake bi. Wankinta da jiƙaƙƙen tsumma ne, ba a jiƙa ta cikin ruwa, kuma in za a zuba mata ruwan fure a kula kada ya riƙa gangarowa ta waje.

Kayan da suka riga suka lalace ba asara ba ne. Gilashin da kwalbar ki jiƙa su a ruwan ɗumi rabin awa, fentin zai saɓule, abin da ya maƙale ki kankare da reza. Fatar da ta ɓare mai kyawun launi ana yanka ta a manna a bayan ɗan dutsen gilashi a yi 'yan kunne ko abin wuya. Kanbas ɗin da ya tsage ki bar shi ya cika mako uku, ki goge tudun da samfefa, ki shafa masa farin share fage sau biyu, ki sake zubawa. Ragowar fenti kuma kada ya bi magudanar ruwa, yana daskarewa ya toshe bututu. Ki bar shi ya bushe a kofin ki ɓare ki jefa a shara. Kafin ki koma kan kanbas, ki sami tayil fari guda huɗu ko biyar ki gwada haɗinki a kansu, kowanne da awonsa a rubuce a baya, ki kifa musu kwali, ki duba su bayan kwana uku.